Dattijon da ya ce a cire shi daga na'ura a mai da shi ƙasarsu

Maman Ilham:
Assalamu alaikum jama'a. Kwana biyu kun ji ni shiru, aiki ne ya sha kaina. Akwai maganar da ta tsaya mini a wuya tun makon jiya, na ce bari in kawo ta nan, tunda Allah Ya haɗa mu da likitoci da malamai.

Ina aikin jinya a sashen masu ciwon ƙoda a wani asibiti a arewacin Ostareliya. Mafi yawan waɗanda muke dubawa 'yan asalin ƙasar ne, waɗanda ake ce wa Aborijin. Cikinsu akwai wani dattijo da ya shekara huɗu ana yi masa wankin ƙoda, sau uku a mako, kowane zama awa huɗu ko fiye. Garinsu nesa ne ƙwarai, in damina ta sauka hanya yankewa take yi, sai ƙaramin jirgin sama. Babu na'urar wanki a can, don haka tun da ciwon ya kama shi yake zaune a masaukin marasa lafiya a birni, shi da matarsa. Bana zuciyarsa ta yi rauni, ciwon suga ya cinye masa yatsun ƙafa, da an ɗora shi kan na'ura sai jiri ya kwashe shi. Sai ya ce ya isa haka, a mai da shi ƙasarsu, wato garinsu na kaka da kakanni.

Ba shawarar tasa ce ta dame ni ba. Wata uku ya yi yana gaya mana, ba mu ji ba. In likita ya zo zagaye ya tsaya a kansa yana zuba Turanci, dattijon sai ya ja bargo ya rufe rabin fuska, ya kalli bango, ya ce eh. Ka gane? Eh. Za ka zo ran Laraba? Eh. Laraba ta yi, babu shi babu labarinsa. Sau biyu yana ficewa daga asibiti ba sallama, da robar ƙarin ruwa a hannunsa. A fayil an rubuta cewa ba ya bin umarnin likita, ni ma na taɓa rubuta haka da hannuna. Sai ranar da aka samo tafinta namiji mai jin yarensu, muka fito da shi waje gindin bishiya, danginsa suka zazzauna a ƙasa, sannan muka ji gaskiyar zance. Ashe eh ɗin nan ladabi ne, yana so mai magana ya gama ya tafi ba a kunyata kowa ba. Kuma ashe labarin cewa ciwon ya zo ƙarshe ɗansa aka gaya wa, don shi ya fi jin Turanci, alhali a tsarinsu ba hurumin ɗa ba ne ya ɗauki irin wannan magana ya kai wa dangi. Akwai wanda nauyin yake wuyansa, wani ɗan uwa ta wajen dangin uwa, kuma ba wanda ya neme shi. Yaron nan ya yi wata biyu da maganar a cikinsa, ya kasa amayar da ita.

Shekara shida ina bugun ƙirji cewa ni ba na bambanta kowa, fari da baƙi abu ɗaya nake yi musu. Yanzu ina ganin abu ɗayan nan ne ya cuci bawan Allahn nan. Ku me kuka gani?

Hajiya Babba:
Wa alaikumus salam 'yata. Allah sarki. Ni tun daga wajen jan bargon nan na gane shi. Haka mahaifiyata take yi wa malaman asibiti, "to, to, to", sai mun fito ta ce me ya ce ne? Allah Ya ba shi sauƙi, ku kuma Ya ba ku ladan jinya.

Dakta Na Zazzau:
Anti, sannu da ƙoƙari. Amma bari in faɗi abin da ba a son ji. Wanda ƙodarsa ta daina aiki gaba ɗaya, in aka tsayar da wanki, yawanci mako ɗaya ne zuwa biyu. Kuma in ba a shirya ba mutuwa ce mai wahala: ruwa ya taru a huhu, numfashi ya gagara, ga ƙaiƙayi, ga ruɗewa. Ko morfin, maganin rage raɗaɗi, ma bai dace da mai ciwon ƙoda ba don taruwa yake yi a jiki, sai a nemi irin su fentanil. Wa zai yi masa wannan a ƙauyen da jirgi kaɗai ke shiga? Ni tsorona kada a fake da sunan mutunta al'ada a sallami talaka ya je ya mutu a wulakance, asibiti kuma ya samu gado. Na ga yadda ake cewa "ku kai shi gida ku ci gaba da addu'a" alhali kuɗi ne suka ƙare.

Baban Khalifa:
Dakta ya faɗi gaskiya. Kuma ni ban yarda da wannan rabe-raben ba. Ciwo ciwo ne, magani magani ne. In kowace ƙabila za ta zo da tsarinta asibiti, ina za a tsaya? Gwamnati ta ba ka wanki kyauta, ta ba ka masauki, ka ce kai gida za ka. Mu nan mutum sai ya sayar da gona kafin a yi masa wanki na wata biyu.

Maman Ilham:
Dakta, tsoronka yana kan hanya, kuma shi ne abin da aka fi daɗewa a kansa a zaman da muka yi. Ba hannu sake za a tura shi ba. Garin yana da ƙaramin asibiti da nas-nas da ke kwana a can, da ma'aikatan lafiya 'yan garin. Masu kula da waɗanda ajalinsu ya kusa sun rubuta magunguna tun kafin a tashi, fentanil ɗin da ka ambata yana ciki, da ƙaramar na'ura mai batir da ke tura magani a hankali ta ƙarƙashin fata, da iskar numfashi, da katifa. Likita yana kan waya dare da rana.

Ga wani abu da ban taɓa tunaninsa ba. A birni mukan koya wa iyali yadda za su ƙara wa mara lafiya allurar rage raɗaɗi da kansu. Nan dangin suka ce a'a, kada a ba ɗayansu sirinji. In ya cika bayan ɗan uwa ya yi masa allura, ana iya ɗora wa wannan ɗan uwan alhakin mutuwar, abin ya zama gaba tsakanin gidaje. Don haka nas ce kaɗai za ta taɓa maganin, kuma an bayyana wa kowa a bainar jama'a cewa maganin na sauƙaƙa ciwo ne, ƙoda ce za ta yi ajalinsa. Da ba mu tambaya ba, da mun miƙa wa matarsa kwalin allura muna ganin mun kyauta.

Yaya Baban Khalifa, ba wani magani daban ake ba su ba. Na'ura ɗaya ce, ƙwaya ɗaya ce. Abin da ya bambanta shi ne wa aka gaya wa, da wane harshe, a ina, kuma wa ya yanke hukunci.

Ɗalibi a Adelaide:
Assalamu alaikum iyayena. Ni ƙarami ne a nan, amma lafiyar al'umma nake karanta a ƙasar, bari in ɗan ƙara wa Baban Khalifa haske kan dalilin da ya sa mutanen nan suke ɗari-ɗari da asibiti.

Daga 1908 zuwa 1919 gwamnatin Yammacin Ostareliya tana kwashe 'yan Aborijin da ake zargi da ciwon sanyi, 'yan sanda su kamo su, a kai su tsibiran Bernier da Dorre a kulle, maza daban mata daban. Da yawa can aka binne su. Gidan kutare na kusa da garin Derby daga 1936 yake aiki har 1986. Har cikin shekarun 1960 akwai asibitocin da ake ware musu ɗaki daban ko a kwantar da su a baranda. Sannan ga yaran da aka riƙa raba su da iyayensu da ƙarfin doka tun wajen 1910 har zuwa shekarun 1970, wasu daga gadon haihuwa aka ɗauke su. Rahoton gwamnati a kan wannan ya fito a 1997, Firaminista Kevin Rudd ya nemi gafara a majalisa ranar 13 ga Fabrairun 2008. Dattijon da Anti take magana, a zamaninsa aka yi wasu daga cikin waɗannan abubuwa.

Kada kuma a ce tsohon zance ne. A watan Agustan 2014 wata matashiya 'yar shekara 22, da ake kira Ms Dhu saboda ba a faɗin sunanta na yanka, ta rasu a garin South Hedland na Yammacin Ostareliya. An tsare ta ne kan tarar da ba ta biya ba. Tana kukan ciwo, sau biyu ana kai ta asibiti ana mai da ita ɗakin tsaro, ana ɗauka ƙarya take yi. A kai na uku ta cika. Ashe haƙarƙarinta ne da ya karye ya yi ƙwayar cuta, ta shiga jini da huhu. Mai binciken musabbabin mutuwa ta ce a 2016 da an ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta a kan lokaci da ana iya ceto ranta.

Alƙaluman hukumar ƙididdiga na 2020 zuwa 2022 sun nuna namiji ɗan asalin ƙasar yana da tsammanin shekara 71.9, mace 75.6, wato ƙasa da sauran 'yan ƙasa da shekara 8.8 ga maza, 8.1 ga mata. A ƙasa ɗaya, da tsarin inshorar lafiya ɗaya.

Ɗan Damagaram:
Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Mu ma ai mun sani. Bayan gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996, ba ga shi a 2003 aka ƙi rigakafin shan inna ba, har sai da aka shekara ana lallashi? Likitoci suna cewa jahilci ne, amma iyaye suna da abin da suke tunawa. Kuma da aka tashi gyarawa ai sarakuna da malamai aka bi.

Baban Khalifa:
Na ji tarihin, kuma wallahi ban san ya kai haka ba. Amma tambayata tana nan. Ita Maman Ilham ba ita ta kulle kowa a tsibiri ba. Baƙar fata ce kamarsu, daga Najeriya ta je. Me ya sa za a ce ita ma sai ta koyi wani abu?

Maman Ilham:
Yaya, wannan ita ce tambayar da na yi wa kaina shekarar da na zo. Na ɗauka baƙar fatata ta wadatar. Amma in na shiga ɗaki da rigar aiki da katin asibiti a wuya, ina Turanci da sauri, ina riƙe da fayil, dattijon nan asibiti yake gani, ba 'yar Kano ba. Ikon yana hannuna: ni ke cewa ga lokacin ganin dangi, ni ke cewa mutum biyu kaɗai a bakin gado, ni ke rubuta kalmar da duk likitan da ya zo bayana zai karanta kafin ma ya ga fuskarsa.

Ita wannan magana ta jinyar da mutum zai ji al'adarsa da mutuncinsa suna cikin aminci, wata nas ce 'yar ƙabilar Maori ta Niyu Zilan, Irihapeti Ramsden, ta kafa ta a ƙarshen shekarun 1980, hukumar jinya ta ƙasarsu ta sa ta cikin karatun nas a 1992. Abin da ta dage a kai shi ne ma'aikaci ya fara duba kansa, ya ga abin da ya shigo da shi ɗaki. A nan Ostareliya hukumar da ke yi mana rajista, Ahpra, ta rubuta ƙarara cewa 'yan asalin ƙasar da iyalansu da al'ummarsu su ne masu cewa jinya ta yi aminci ko ba ta yi ba, kuma a 2022 aka shigar da batun cikin dokar da ke kula da ma'aikatan lafiya. Wato ba ni zan ba kaina maki ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kuma ba haddar jerin al'adu ba ce. Kafin zuwan Turawa a 1788 harsuna fiye da 250 ake yi a ƙasar nan. A ƙididdigar 2021 'yan asalin ƙasar kusan miliyan ɗaya ne, kashi 3.8 cikin ɗari na jama'a, kuma mafi yawansu a birane da garuruwa suke, kusan kashi 15 ne kawai a can cikin lungu. Lauya ɗan Aborijin a Sidni in na je ina masa magana a hankali kamar ba ya jin Turanci, na ci mutuncinsa. Da yawansu Kiristoci ne, fasto za su ce a kira. Sai ka tambayi mutum: wa kake so ya zauna a wannan magana? Ina kake so ka kasance? Akwai wanda bai kamata ya shigo ɗakin nan ba?

Wannan ta ƙarshen ma ta faru da mu. Tafintar farko da aka turo mace ce, tana leƙowa ta ga wanda ke kwance ta juya da baya. Likita ya ji haushi. Ashe a lissafin dangantakarsu matsayin suruka take a wurinsa, ba ta zama ɗaki ɗaya da shi, ba ta yi masa magana, ba ta kama sunansa.

Uwargida 'Yar Zango:
Ikon Allah! Wannan ai alkunyarmu ce sak. Kakata a Kumasi har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari ba, kuma mijin 'yarta in ya shigo gaisuwa daga bakin ƙofa yake durƙusawa. A ce wai a kawo shi ya fassara mata bayanin ciwon mara? Gara ta mutu da ciwonta. Anti, mu ai bai kamata wannan ya ba mu wuya ba.

Malam Ƙarami:
Assalamu alaikum. Ina bin zancen tun farko. Tambaya biyu gare ni, Hajiya Maman Ilham. Na ji an ce a ƙasar nan doka ta yarda likita ya ba mara lafiya abin da zai kashe shi. Abin da za a yi wa dattijon nan ba shi ba ne? Na biyu, na ji suna yin wani hayaƙi idan an yi mutuwa. Ke a matsayinki na Musulma ina kike tsayawa?

Ɗalibi a Adelaide:
Allah gafarta Malam, bari in amsa ta farkon kafin Anti ta sauko daga aiki. Gaskiya ne jihohi shida na ƙasar duk suna da wannan doka yanzu. Yankin Arewa na ƙasar, wanda ba ya cikin jihohin, shi ya fara yin ta a 1995, ta fara aiki a 1996, majalisar tarayya ta soke ta a 1997. Kuma a lokacin al'ummomin Aborijin na yankin suna cikin waɗanda suka fi ƙin ta, har ana fargabar mutane za su daina zuwa asibiti don tsoron allura. Abin da ake shirya wa dattijon nan daban ne. Ba a ba shi komai don ya mutu. Ya ce ne a daina wani magani da jikinsa ya daina ɗauka, a rage masa raɗaɗi har lokacinsa ya yi.

Maman Ilham:
Allah Ya gafarta Malam, yaron nan ya amsa ta farko daidai. Ta biyu kuwa, eh, wasu iyalan sukan ƙona ganyen itatuwa su zagaya ɗakin da mutum ya rasu da hayaƙin, wasu ma ba sa yarda su kwanta a gadon da suka san wani ya cika a kai sai an yi haka. Ni ba na riƙe ganye, ba na shiga cikin abin da suke faɗa, kuma ba wanda ya taɓa neman in yi. Aikina in kira masu kula da gini su kashe ƙararrawar gobara ta ɓangaren, in janye masu ciwon asma, in buɗe ƙofa, in tsaya gefe. Su ma da Azumi ya zo, wata tsohuwa a cikinsu ce take tuna mini cewa rana ta faɗi in je in sha ruwa.

Malam Ƙarami:
Madalla. To ni ban ga laifi a wurinki ba. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa an wuce da gawar Bayahude, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya miƙe tsaye, da aka ce masa ai Bayahude ne ya ce ashe ba rai ba ne? Game da barin magani kuma, malamai sun raba tsakanin wanda ya kashe kansa da wanda ya haƙura da maganin da ba a sa ran zai warkar. Hadisin matar nan mai farfaɗiya da ta zaɓi haƙuri yana cikin abin da suke kafa hujja da shi. Sharaɗin da zan ƙara kawai shi ne wanda Dakta ya kawo: a tabbata shi ya zaɓa da hankalinsa, bayan an fahimtar da shi, ba gajiya da shi aka yi ba.

Dakta Na Zazzau:
Na gamsu da shirin magungunan, Anti, kun yi aiki. Amma har yanzu akwai ƙashi a wuyana. Mutumin nan zaɓi biyu aka ba shi: ka rayu a birni cikin kewa, ko ka koma gida ka mutu. Wannan ba zaɓi ba ne. Da akwai na'ura a garinsu tun shekara huɗu da suka wuce, wa ya sani ko da bai riƙa tsallake wanki ba, ko da zuciyar ba ta lalace da wuri haka ba? Mu daina yabon kyakkyawar mutuwa mu manta an hana shi kyakkyawar rayuwa.

Maman Ilham:
Dakta, a nan ba ni da ja. Kuma su kansu sun riga mu ganin haka. Mutanen Pintupi na hamadar yamma sun ga dattawansu ana kwashe su zuwa birnin Alice Springs don wanki, daga garinsu Kintore tafiyar fiye da kilomita 500, suna mutuwa can, ba wanda zai miƙa wa yara waƙoƙin gargajiya da sanin wuraren kakanni. A shekarar 2000 masu zanensu na Kintore da Kiwirrkurra suka haɗu suka yi manyan zane-zane, aka yi gwanjonsu a Sidni, aka tara fiye da dala miliyan ɗaya ta Ostareliya. Da kuɗin suka kafa ƙungiyar da yau ake kira Purple House, a 2004 aka fara wanki a Kintore. Yanzu suna da wuraren wanki a ƙauyuka fiye da goma, har da babbar mota mai kujerun wanki biyu da ke yawo, don mutum ya samu zuwa makoki ko ya ga jikoki. Sai a 2018 inshorar gwamnati ta Medicare ta ware kuɗi na musamman don wanki a irin waɗannan lungunan. Hukumar ƙungiyar 'yan Pintupi ne da kansu.

Haka asibitocin da al'umma ke gudanarwa da kanta, na farko a unguwar Redfern ta Sidni aka buɗe shi a 1971, na Alice Springs a 1973, yanzu sun haura 140. A wasu asibitocin Kudancin Ostareliya ma masu maganin gargajiyarsu, da ake kira ngangkari, suna shiga su duba mara lafiya tare da likitoci. Garin dattijonmu dai abin bai kai can ba tukuna.

Kalmar da na fassara da "ƙasarsu" ma ta fi ƙarfin fassarata. A wurinsa wurin nan dangi ne. Ta bakin tafinta ya gaya mana akwai wani bakin ruwa da mahaifinsa ya damƙa masa amanarsa, akwai abin da dole ya faɗa wa 'ya'yan 'yar uwarsa a tsaye a wurin, ba a waya ba. Wannan ne yake ta lissafi a ƙarƙashin bargo, mu muna lissafin sinadarin jininsa.

Hajiya Babba:
Kun sa ni kuka da tsakar rana. Maigidana, Allah Ya jiƙansa, kwana goma sha ɗaya ya yi a wani babban asibiti yana cewa a kai shi gida. Yara suka ce a'a, kada duniya ta ce mun gaji da shi. Dokar ɗakin mutum ɗaya ne, na fita alwala na dawo na tarar ya cika, ba wanda ya laƙƙana masa kalmar shahada. Ƙannensa suna zaune a bakin get tun safe, mai gadi ya hana su shiga. Shekara tara ke nan, abin bai bar ni ba.

Uwargida 'Yar Zango:
Allah Ya jiƙan Alhaji, Ya sa Aljanna ce makoma. Hajiya ki yi haƙuri, niyyarku ta alheri ce.

Baban Khalifa:
Allah Ya gafarta masa, Hajiya. Maman Ilham, har yanzu ina ganin akwai iyaka, asibiti ba zai iya bin kowa yadda yake so ba, kuma kuɗin jirgin nan wani ne ya biya. Amma maganar a samo tafinta kuma a gaya wa wanda ya dace, wannan na sallama. In an yi tafiyar ki sanar da mu.

Maman Ilham:
Jama'a, na dawo da labari, kwana goma sha biyu bayan maganarmu. An yi masa wankin ƙarshe ran Litinin da safe don ya samu ƙarfin tafiya. Talata jirgi ya ɗauke shi da matarsa da nas ɗaya, sauran dangi suka bi washegari. Da muka zo tura shi zuwa mota, ya sa aka tsaya a ɗakin wanki, ya bi kujerun ɗaya bayan ɗaya yana riƙe hannun abokan zamansa na shekara huɗu. Ranar ce na fara ganin fuskarsa babu bargo.

Nas ɗin garin ta kira mu shekaranjiya. Kwana tara ya yi. A kwana na biyu an ɗauke shi a bayan mota an kai shi bakin ruwan nan, ya yi wunin a can da waɗanda yake son gani. Sauran kwanakin a barandar gidansa aka shimfiɗa masa katifa, mutane suna zuwa suna zama, ana waƙa. Numfashi ya ɗan matsa masa a daren ƙarshe, ta ƙara magani, ya lafa. Da asuba ya cika.

Yanzu garin sun shiga zaman makoki, wanda kan ɗauki makonni, don haka mun san wasu marasa lafiyarmu za su nemi tafiya, muna ta juya jadawalin wanki don kada kowa ya tsallake. An cire hotonsa daga allon sashe, kuma ba za a ƙara kiran sunansa ba sai iyalinsa sun ce a kira. Akwai wani saurayi a kujera ta shida mai suna irin nasa, jiya jami'ar hulɗa da iyalai ta zo ta gaya mana sunan da za mu riƙa kiransa da shi kafin nan.

Dakta, ka tambaye ni a gefe yawan maganin da aka sa a na'urar, zan turo maka in na tashi aiki da safe.